An taɓa komawa wajen mai kwarmato an tambaye shi yadda ta kaya?

Akwai ɗan baffana da nake kira ƙanena don a gidanmu ya tashi, ya taɓa aikin lissafin lodi a wani sito na taki a nan Gusau. Wata rana ya zo mini da daddare ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce "Yaya, wanga abu da nake gani wurin aiki ya hana ni barci." Ashe farke buhu ake yi a gefe, a rage kwano biyu ko uku, a cika da yashi mai laushi irin na bakin gulbi, a girgiza, a mayar da ɗinki da keken ɗinkin buhu, in ka ɗaga nauyi ya cika cif, manomi kuwa sai bayan ya zuba a gona masara ta ƙi tashi zai fara zargin ko ƙasar ce ta gaji. Na ce masa ya yi tunani tukuna. Bai saurare ni ba. Ya sami takarda ya rubuta abin da ya gani, da ranaku da lambar motocin da suka ɗauka, ya kai ofishin wata hukuma. Wani mutum ya karɓa a bakin tebur yana cin gyaɗa, ya ce "to an ji, za a duba." Ba rasit, ba lambar fayil, ko sunan wanda ya karɓa bai sani ba.

Bayan sati uku mai siton ya kira shi ciki, ya rufe ƙofa, ya karanta masa layin farko na takardarsa kalma da kalma, har da wurin da ya yi kuskuren rubutu. A ranar aikin ya ƙare.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, in ƙarshen shekara ta zo irin waɗannan hukumomi suna fitar da rahoto, za ka ji an ce mun karɓi ƙorafi kaza, mun warware kaza, saura kaza ana kan bincike. Kuma wallahi ba lallai ƙarya suke ba. Takardar ƙanena tana iya kasancewa cikin waɗanda aka "warware", domin a harshen ofis warwarewa tana nufin an rufe fayil, wani ya sa hannu, an mayar da shi kabad. Lissafin ya nuna aiki ya yi kyau. Wanda ya kawo maganar kuwa yana zaune gida ba albashi. To shi ne wasu ƙasashe suka fara cewa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, me zai hana a koma wajen mutanen da suka kawo rahoton a tambaye su yadda aka yi da su, a tattara amsoshinsu a auna hukumar da shi? Wannan shi ne binciken jin ra'ayin masu kwarmato, wato masu tona wa hukuma asirin ɓarnar da suka gani, kuma shi nake so in warware yau, da amfaninsa da kuma inda yake iya zama tarko.

Da farko a raba mutum biyu da ake yawan haɗa su wuri ɗaya. Akwai mai ƙorafi, wanda shi aka cuta: banki ya cire masa kuɗi ba dalili, ko an kawo masa bil ɗin wuta na wata uku alhali taransifoma ta ƙone, ko layin waya ya cinye masa kati. Shi wannan yana da hanyoyinsa sanannu, in na banki ne ka fara kai wa bankin, in bai yi komai ba ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, in na waya ne akwai lambar 622 ta hukumar sadarwa NCC, in ofishin gwamnati ne ya zalunce ka akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975. Shi mai ƙorafi ba ya ɓoye sunansa, so ma yake a san shi don a biya shi haƙƙinsa. Mai kwarmato daban ne. Galibi na ciki ne, ma'aikaci ko direba ko akawu ko malamin asibiti, ba shi aka cuta kai tsaye ba, ya ga abin da zai cuci jama'a ne ya faɗa, kuma abin da ya sa a faifai shi ne abincinsa, wani lokaci har ransa. Don haka tambayar da za ka yi wa wanda POS ya riƙe wa dubu biyar ba ita za ka yi wa irin ƙanena ba.

Mu a Zamfara kuma akwai wani nauyi na daban a kan maganar. Kalmar "infoma" ta riga ta ɓaci, ta zama sunan mai kai wa 'yan bindiga labarin mutanen gari, kuma duk wanda aka jefa da ita ya shiga uku. Shi ya sa ko wanda ya kai rahoton alheri ga hukuma sai ka ji ana raɗa ana cewa ai munafuki ne, ɗan kai-kawo ne, ya ci amanar wanda ke ciyar da shi. Mutum bai gama tsoron mai gida ba ga kuma tsoron bakin unguwa. Duk wanda ya tsallake waɗannan biyu ya taka ƙafa zuwa ofis, to ya riga ya biya kuɗi mai yawa kafin a ce masa sannu da zuwa.

A matakin tarayya, a watan Disamba na 2016 gwamnatin Buhari ta fito da tsarin kwarmato ta hannun ma'aikatar kuɗi, lokacin Kemi Adeosun ce minista, aka ce wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato kuɗin gwamnati za a ba shi tsakanin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya, a watan Afrilu na 2017 EFCC ta shiga wani gida a Osborne Towers da ke Ikoyi a Legas ta fito da fiye da dala miliyan 43, ban da fam da naira. Amma abin da mutane suka fi saurin mantawa shi ne wanda ya tona asirin sai da ya yi watanni yana jira, har lauyansa ya fito kafafen labarai yana kuka, kafin a biya shi a ƙarshen shekarar. Wannan fa shi ne shahararre a cikinsu, wanda duk ƙasa ta zuba wa ido. Ina ga ƙaramin ma'aikacin ƙaramar hukuma da babu jaridar da ta san da zamansa? Kuma tsarin nan na 2016 tsari ne na ɓangaren zartarwa, ba doka ce da majalisa ta yi da za ka riƙa ka shiga kotu da ita ka ce an kore ni saboda na faɗi gaskiya ba. Kullum in an zo kare tsarin, biliyan nawa aka ƙwato ake faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A waje abin ya ɗan fi haka nisa. Amurka ta fi ƙarfi wajen lada, hukumar kasuwar hannun jarinsu tana ba da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari in tarar da aka ci ta haura dala miliyan ɗaya, a 2023 ma ta ba mutum ɗaya dala miliyan 279, amma ba wannan ne ya dame ni a nan ba. Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta sa wa'adi ƙarara: in mutum ya kawo rahoto a sanar da shi an karɓa cikin kwana 7, a dawo masa da bayanin abin da ake yi cikin wata 3, in akwai dalili mai ƙarfi hukuma ta iya kaiwa wata 6. Amfanin wa'adi shi ne ya ba ka abin awo. Ba za ka iya tambayar mutum "an makara?" ba in tun farko ba a ce ga ranar da ya kamata a amsa ba.

Sai Ingila, su suna da dokar kare masu kwarmato tun 1998, kuma daga 2017 aka wajabta wa hukumomin da ke karɓar irin waɗannan rahotanni su riƙa wallafa lissafinsu duk shekara. Amma shi ma lissafi ne, nawa aka kawo nawa aka duba. Hukumarsu mai sa ido kan bankuna da kamfanonin kuɗi, FCA, ta ƙara taki ɗaya, ta aika wa wasu daga cikin waɗanda suka taɓa kawo mata rahoto tambayoyi, ta wallafa sakamakon a 2023. Waɗanda suka amsa ba su kai 30 ba, kuma mafi yawansu cewa suka yi ba su gamsu ba. Babban kukansu ba wai an zage su ko an kore su daga bakin ƙofa ba ne, a'a, sun ji kamar ba a saurare su sosai ba, kuma ba a gaya musu abin da aka yi da maganarsu ba. Hukumar ta ce akwai dokar sirri da ta ɗaure mata hannu wajen faɗin abin da ke cikin bincike, wanda gaskiya ne, amma duk da haka ta yi alkawarin ƙara yawan bayanin da take mayar wa mutane. Ni abin da ya burge ni ba sakamakon ba ne, wallafawar ce. Hukuma ta tambaya, aka ce mata ba ki yi ba, ta ɗauka ta manna a bainar jama'a.

To yanzu mu dawo gida, a ce wata hukuma a Gusau ko Birnin Kebbi ta ce za ta yi irin wannan. Me za ta tambaya?

Kuskuren farko da za a yi, kuma na rantse za a yi shi, shi ne a ɗauko fom ɗin Turanci mai cewa zaɓi ɗaya, na gamsu ƙwarai, na gamsu, ban gamsu ba. Bahaushe in baƙo ya kira shi daga ofishin gwamnati ya ce yaya ka ga aikinmu, amsar ita ce "Alhamdulillahi, mun gode, Allah ya saka." Ko yana kwance asibiti ka ce ya jiki zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake ba, tarbiyya ce, ba a kushe mutum a fuskarsa, balle mai hula. In ka tattara irin wannan amsa za ka fito da maki mai kyau wanda ba ya nufin komai. Saboda haka tambayar ta zama ta abin da ya faru, wadda ladabi ba zai iya lanƙwasa ta ba. Ranar da ka kai takarda an ba ka wata shaida a hannu? An ba ka lamba? Kwana nawa aka yi kafin wani ya neme ka, ko har yau ba a nema ba? Wanda ya kira ka ya faɗi sunansa da yadda za ka same shi? An yi maka tambayoyin da suka nuna an karanta abin da ka rubuta, ko sake labarin ka yi daga farko ga mutum uku daban-daban? An nemi hujjar da ka ce kana da ita, hoto ko rasit ko lambar mota? An tambaye ka ko ka yarda a ambaci sunanka? Wani da ba ka gaya wa ba ya san kai ne? Bayan nan an canza maka wurin aiki, an riƙe albashi, an daina gaishe ka, an aiko maka da saƙo ta bakin wani dattijo? Duk waɗannan amsarsu e ce ko a'a ko adadin kwanaki.

Sannan a ƙarshe a yi tambayar da a ganina ta fi duka nauyi: in gobe ka sake ganin irin wannan abu, za ka dawo mana? In ƙaninka ne ya gani, za ka ce masa ya je ko ya yi shiru? Ta biyun ta fi ta farkon tono gaskiya, don mutum yana iya nuna jarumta a kan kansa, amma ba zai tura ɗan uwansa ramin da ya san zurfinsa ba.

Akwai wani abu da dole a raba, wato yadda aka yi da kai da kuma yadda maganar ta ƙare. Ba kowane rahoto ne gaskiya ba, mu faɗa. Akwai mai kai ƙarar oga don an hana shi alawus, akwai wanda ya ga rabin abu ya ƙarasa sauran da zato, akwai wanda maganarsa gaskiya ce amma ba hurumin wannan ofis ba ne. Irin wannan in an rufe fayil ɗinsa ba a hukunta kowa ba dole ransa ya ɓaci, kuma in ka tambaye shi zai ce hukumar banza ce. Ma'aikatan hukumar kuma za su riƙe wannan su ce kun gani, masu amsa muku fusatattu ne kawai. Maganin shi ne a ware amsoshin gida-gida, waɗanda aka tabbatar da rahotonsu daban, waɗanda aka kora daban, waɗanda aka tura wani ofis daban. In wanda aka ƙi maganarsa ya ce "ban ji daɗin hukuncin ba amma an kira ni an yi mini bayani kuma sunana bai fita ba", to wannan hukuma tana aiki. Kamar gaban alƙali ne, wanda ya sha kaye a shari'a amma aka bar shi ya gama maganarsa aka karanta masa dalili, fitarsa daban da ta wanda aka yanke wa hukunci yana waje. In kuwa har wanda aka tabbatar da rahotonsa aka kama ɓarawon yana cewa ba zan ƙara ba, to ɓarakar ba a wajen bincike take ba, a wajen riƙon mutum take.

Sai matsalar su waye ma za su amsa. Wanda ya jefa takarda ba suna ba za a same shi ba. Wanda ya tsorata ya karya layinsa ya koma Funtuwa ko Kano ba za a same shi ba. Wanda aka fi cuta shi ne ya fi wuyar samu, kuma shi ne ya fi abin faɗa. Ga kuma babban gungu da ba su cikin kowane rajista, waɗanda suka gani suka haɗiye. Ku tuna gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka mutu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Iyaye suna binne 'ya'yansu kullum, labarin yana bakin kowa a ƙauye, amma sai da ma'aikatan ƙungiyar likitocin MSF suka lura da abin kafin ya kai inda ya kamata. Babu fom ɗin jin ra'ayi da zai kamo irin wannan shiru, domin fom yana bin wanda ya riga ya yi magana ne. Don haka duk wanda zai karanta sakamakon irin wannan bincike ya fara tambaya, mutum nawa aka nema, nawa aka samu, nawa suka ƙi magana. Yawan waɗanda suka ƙi ɗaukar waya ma amsa ce a kanta.

Kuma a yi hattara da kashi cikin ɗari in mutanen kaɗan ne. In mutum 20 suka amsa, kowane ɗaya kashi 5 ne, mutum biyu su canza ra'ayi sai a fito da sanarwa a ce gamsuwa ta ƙaru da kashi 10. A irin wannan ƙaramin adadi abin karantawa shi ne maganganun da mutane suka faɗa da bakinsu. In mutum shida da ba su san juna ba, daga ƙananan hukumomi daban-daban, kowa ya ce sunana ya fita bayan takardar ta bar teburin karɓa ta shiga wajen masu rajista, to ba ka buƙatar wani lissafi, ka san ƙofar da za ka je ka tsaya.

Yanzu ga inda abin yake ba ni tsoro, kuma nan ne nake ganin masu kawo tsarin daga waje ba su cika tsayawa ba. Kafin ka yi binciken nan dole ka haɗa jerin sunaye da lambobin wayar duk wanda ya taɓa tona asiri. Ka tsaya ka yi tunanin wannan takarda. A ƙasar da tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, lambar wayarka ita ce sunanka da hotonka da garinku. Jerin nan in ya shiga filashin wani ko aka tura shi a WhatsApp ga ɗan kwangilar da zai yi kiraye-kirayen, an haɗa wa masu laifi abin da suka daɗe suna nema a faranti ɗaya. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka ba ta mayar da sirrin da ya riga ya fita. To kuma in ka ce hukumar da kanta ta yi kiran don kada jerin ya fita, ka ba kura ajiyar nama, wanda ake ƙorafi a kansa shi ke riƙe da biro. Wa zai ce wa jami'in da ya tona masa asiri "ai kai ne ka tona"?

Hanyar da ta fi kusa da daidai ita ce a raba aikin biyu. Sunaye su tsaya a hukumar, a hannun mutum ɗaya ko biyu da aka san su. Tun ranar da mutum ya kawo rahoto a tambaye shi, ka yarda nan gaba a nemi jin yadda aka yi da kai? In ya yarda a ba shi wata lamba ta sirri a 'yar takarda, da lambar wayar wasu mutane daban da ba ma'aikatan hukumar ba, jami'a ce ko wata ƙungiya mai zaman kanta, shi zai kira su lokacin da ya ga dama kuma kyauta, ya faɗi lambar sirrin ba sunansa ba. Masu karɓar amsa ba su san ko waye ba, masu sunaye ba su ga amsar mutum ɗaya-ɗaya ba. Wannan ya fi a kira shi, don a Zamfarar yau baƙuwar lamba ta kira ka ta ce "kai ne ka kai rahoton wane?" ai sai hanjin cikinka ya kaɗa, ko dai 'yan damfara masu neman BVN ne ko waɗanda suka fi su sharri. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ga mata kuma abin ya ninka, da yawa wayar ta maigida ce ko a gabansa ake ɗauka, ma'aikaciyar asibitin da ta kai rahoto a ɓoye ba za ta so a kira ta da magariba ana tambayarta a gaban kishiya ba. Mace ta samu mace a ɗaya ɓangaren, da Hausa, da baki ba da rubutu ba, da Fulatanci ga mai so. Fom na intanet kaɗai ba zai yi ba, mu da muka ga yadda aka rufe sabis a jihar nan gaba ɗaya a watan Satumba na 2021, kuma har gobe akwai garuruwan da sai ka hau tudu kake samun sanda ɗaya.

Wajen wallafa sakamako ma akwai ramin. Zamfara ƙananan hukumomi 14 ne, Kebbi 21, kuma a garuruwanmu kowa ya san kowa. In rahoto ya ce "wani mai kula da sito a ƙaramar hukuma kaza ya ce an yi masa barazana", ba a faɗi suna ba amma an faɗa, don mai kula da siton guda ɗaya ne. Dole a goge wurin aiki da gari da duk wata kalma da ke nuna mutum, kuma in rukuni bai kai mutum biyar ko fiye ba a haɗe shi da wani.

Lokacin tambayar ma yana da muhimmanci. In ka tambayi mutum washegarin da ya kai takarda zai yabi kujerar da aka ba shi da ruwan leda. Ramuwar gayya ba ta zuwa da wuri, musamman a aikin gwamnati inda korar mutum ke da wuya. Sai an bari ƙura ta lafa, wata shida ko shekara, sannan ka ga takardar taransifa zuwa wani ƙauye da kowa ya san hanyarsa ba ta biyuwa, ko ƙarin girma ya zo a tsallake sunanka ba bayani. Saboda haka sau ɗaya bai isa ba, a ji daga gare shi bayan karɓa, a ji bayan rufe fayil, a sake ji bayan an daɗe.

Kuma amsoshin ba hukunci ba ne su kaɗai, sai an ɗora su kan fayil. In rajistar ofis ta ce an aika wa kowa shaidar karɓa cikin mako guda, mutane kuma suka ce ba mu ga komai ba, ba sai an yi gardama ba, a ciro fayil goma a duba ta ina aka aika, wataƙila wasiƙa ake rubutawa da Turanci a ajiye a tire ana jiran mutum ya zo ya ɗauka, shi kuma yana tsoron a sake ganinsa a harabar. Wani lokaci gyaran ba ya cin ko sisi, saƙon waya ne guda ɗaya da Hausa. Haka maganar sirrin bincike da hukumomi ke fakewa da ita, gaskiya ne ba za a karanta wa mai kwarmato duk abin da aka gano ba, amma tsakanin faɗin komai da yin gum akwai fili babba. Ana iya cewa mun duba mun ɗauki mataki, ko mun tura wa ofis kaza ga lambar takardar, ko hujjar ba ta isa ba ga abin da ya rage. Ko wannan ya ishi mutum ya san bai yi maganar banza ba.

Abu ɗaya da zai kashe tsarin cikin shekara biyu shi ne a ɗaura makin a wuyan ma'aikaci, a ce ƙarin girmanka ya dogara da shi. Daga ranar za ka fara jin "Malam, za a tambaye ka fa, don Allah ka taimaka ka ce an yi maka komai, ka san muna tare", ko a riƙa ba da lambar sirrin ga masu fara'a kawai a manta da masu tsauri. Makin na hukuma ne gaba ɗayanta, majalisar jiha ko kwamitin da ke kula da ita su riƙa neman sa tare da kasafin kuɗi, 'yan jarida kuma suna iya neman na hukumomin tarayya da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa. Kuma shekara mai zuwa a zo a faɗi abin da aka canza saboda amsoshin bara, in ba haka ba an ƙara wa mutane wata takardar ce da aka karɓa aka ce za a duba.

Ƙanena yanzu yana sayar da kayan waya a wata 'yar rumfa, caja da murfi da gilashi. Kwanaki ina zaune wurinsa ina jiran ya liƙa mini gilashi na ce bari in gwada tambayoyin nan a kansa. An ba ka rasit? A'a. An kira ka? A'a. Sunanka ya fita? Ya ɗago ya kalle ni bai ce komai ba. Na ce to in ka sake gani za ka koma? Ya ɗan yi shiru yana goge fuskar wayar da tsumma, ya ce "Yaya, in ni ne ƙila in koma, don har yau in na tuna manoman nan raina ɓaci yake." Na ce in Auta ne fa ya gani a wurin aikinsa? Ya ce "Auta? Sai in ɗaure shi a gida." Ya miƙo mini wayar ya ce ɗari biyar ne, amma in bar shi.